Yadda Ake Tafiyar da Ƙungiyar Kacici-kacici a Makaranta

Kacici-kacici tsohon wasa ne a ƙasar Hausa. Da dare, bayan an ci tuwo, yara sukan taru a tsakar gida ko a dandali, ɗaya ya jefa tambaya, saura su yi ta laluben amsa. Mai tambaya zai ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Wanda ya gane sai ya ce, "Tsintsiya." Ko kuwa ya ce, "Baba na ɗaka, gemu na waje," a ce masa, "Wuta da hayaƙi." Idan amsa ta gagara, sai masu sauraro su ce, "Mun ba ka gari." Sai su ambaci sunan wani gari, kamar Kano ko Zariya. In garin ya yi masa sai ya karɓa, sa'an nan ya faɗi amsar kowa ya ji.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mu lura da su a wannan wasa. Na farko, babu ɗan kallo. Duk wanda ke zaune yana da damar amsawa, kuma yana da damar kawo tasa tambayar. Na biyu, ba a wuce tambaya sai an ji amsarta. Saboda haka wanda bai sani ba yakan tashi da sabon sani.

A yau ma'anar kalmar ta faɗaɗa. Ana kiran gasar tambaya da amsa da ake yi a makarantu da gidajen rediyo da talabijin da sunan kacici-kacici. Makarantun sakandare da yawa suna da ƙungiyar da ke shirya irin wannan gasa. Sai dai kafa ƙungiya ba shi da wuya, riƙe ta shi ne aiki. Sau da yawa a ranar farko ɗaki yakan cika maƙil, amma kafin tsakiyar zango sai a iske mutum biyar ko shida kawai, su ne kuwa waɗanda kullum suke amsawa. Sauran sun gaji da zaman tafi, sun daina zuwa. Wannan darasi zai bayyana yadda za a tsara ƙungiya ta yadda kowane ɗalibi zai sami rabonsa a cikinta.

Amfanin ƙungiyar

Wani zai iya cewa, me ya sa za a ɓata lokaci wajen wasa alhali ga darussa jibge? Amsar tana cikin yadda ƙwaƙwalwar ɗan'adam take aiki.

A shekarar 1885 wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sa'an nan ya riƙa auna abin da ya rage a kansa bayan wani lokaci. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, daga baya sai ta rage gudu. Ya kuma gano cewa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi bitar da aka yi a zama ɗaya amfani.

A shekarar 2006 kuma, wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka ba ɗaliban jami'a gajeren rubutu su karanta. Wasu aka ce su yi ta maimaita karatun. Wasu kuwa aka karɓe takardar, aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne suka yi gaba. Amma da aka yi gwajin bayan mako ɗaya, waɗanda suka wahalar da kansu wajen tunowa su ne suka fi riƙe abin da suka karanta.

Wannan ya nuna mana cewa ƙoƙarin tuno abu shi ke kafa shi a ƙwaƙwalwa. Abin da gasar kacici-kacici take sa ɗalibi ya yi ke nan. Amma a lura, wanda ya yi ƙoƙarin shi ke samun ribar. Ɗalibin da ya zauna a baya yana kallon wasu suna amsawa, kaɗan zai ƙaru.

Ga mai koyon Hausa akwai ƙarin amfani. Tsarin Ilimi na Ƙasa na shekarar 1977 ya ƙarfafa wa kowane yaro gwiwa ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsunan Nijeriya uku, wato Hausa da Ibo da Yarbanci, ban da harshensa na gida. Amma ɗalibin da ke Inugu ko Fatakwal ko Abekuta, wataƙila ba ya jin Hausa sai a cikin aji. Ƙungiyar kacici-kacici tana ba shi ƙarin awa ɗaya a mako da zai ji harshen, ya kuma buɗe baki ya yi magana da shi ba tare da fargabar jarrabawa ba.

Kafa ƙungiya da raba aiki

Matakin farko shi ne neman izinin shugaban makaranta. Bayan haka sai a nemi malami ko malama da za ta zama uwar ƙungiya. Sai a tsayar da rana da lokaci da ɗakin taro, kada kuma a riƙa sauya su. Ƙungiyar da ke taro yau Laraba, gobe Jumma'a, jibi a ce an ɗaga, ba za ta daɗe ba.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka sai a raba aiki kamar haka:

Shugaba: shi ke buɗe taro da rufe shi, ya kuma tabbatar an bi tsari.

Magatakarda: shi ke rubuta sunayen waɗanda suka halarta, ya kuma ajiye littafin ƙungiya.

Ma'ajin tambayoyi: shi ke karɓar katunan tambayoyi, ya kai wa malami ya duba, ya adana su a akwati.

Mai tambaya: shi ke karanta tambayoyi da murya mai ƙarfi, a tsanake.

Mai kula da lokaci: shi ke riƙe agogo da ƙararrawa.

Mai rubuta maki: shi ke tsayawa gaban allo.

Alƙalai: mutum biyu tare da malami, su ke yanke hukunci idan gardama ta taso.

Muƙamai uku na farko ana iya zaɓensu na zango guda. Sauran kuwa gara a riƙa karɓa-karɓa kowane mako. Ɗalibi mai jin kunyar amsa tambaya yakan iya fara sakin jiki idan aka ba shi aikin karanta ta.

Raba ɗalibai rukuni-rukuni

Idan aka bar ɗalibai su zaɓi abokan rukuninsu, haziƙai za su haɗu wuri ɗaya, su cinye kowace gasa. Mako uku sun isa sauran su fid da rai. Abin da ya fi shi ne malami ya raba su da kansa, ya gauraya manya da ƙanana, maza da mata inda makarantar ta haɗa su, masu ƙarfi a lissafi da masu ƙarfi a harshe. Rukunin mutum huɗu ya fi dacewa. In sun fi haka yawa, wasu za su laɓe a bayan wasu.

Akwai wani al'amari da ya shafi makarantun kudu musamman. A garuruwa da dama akwai unguwannin Hausawa, kamar Sabo a Ibadan da Agege a Legas da Ama Hausa a Owerri. Yaran da suka tashi a irin waɗannan unguwanni sukan zo makaranta da Hausa a bakinsu. Kada a tara su a rukuni ɗaya, kada kuma a hana su shiga. A rarraba su, kowane rukuni ya sami ɗaya idan adadinsu ya kai. Za su taimaka wa abokansu da furuci. Su ma za su ƙaru, domin iya magana daban, iya ƙa'idojin rubutu daban.

Shirya tambayoyi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayoyin da za a yi amfani da su a wannan mako, tun makon jiya ya kamata a gama shirya su. Kowane ɗan ƙungiya ya kawo tambaya biyu a kan kati: tambaya a gaba, amsa a baya, tare da sunan littafi da shafin da ya samo ta. Shirya tambaya shi ma karatu ne, domin sai mutum ya fahimci abu yake iya tambaya a kansa. Ga sharuɗɗan tambaya mai kyau.

Sharaɗi na farko, ta zama tana da amsa ɗaya tak. Dubi wannan: "Wane ne shugaban Nijeriya na farko?" Tambaya ce mai harshen damo. Wani zai ce Nnamdi Azikiwe, domin shi ya zama Shugaban Ƙasa lokacin da Nijeriya ta koma jamhuriya a 1963. Wani zai ce Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin shi ke riƙe da gwamnati. Kowannensu yana da hujja, kuma nan take gardama za ta kaure. Gyaran tambayar shi ne: "Wane ne Firayim Ministan Nijeriya lokacin da ta sami 'yancin kai a 1960?" Yanzu amsa ɗaya ce.

Sharaɗi na biyu, a kula da lokaci, domin wasu amsoshi sukan sauya. A 1967 Nijeriya tana da jihohi 12. A 1976 suka zama 19, a 1987 suka zama 21, a 1991 suka kai 30, a 1996 kuma suka cika 36. Haka nan Legas ce babban birnin ƙasa har zuwa 12 ga Disamba, 1991, lokacin da gwamnati ta koma Abuja. Ɗalibin da ya ɗauko tsohon littafi daga laburare zai iya kawo amsar da ta yi daidai a zamaninta, amma a yau ta zama kuskure. Don haka a duba shekarar da aka buga littafin. Abin da aka samo daga intanet kuwa, a tabbatar da shi a cikin littafi ko a wurin malamin darasin kafin a sa shi a akwati.

Sharaɗi na uku, a gauraya masu sauƙi da masu wuya. A cikin tambayoyi 20, ana iya sa 8 masu sauƙi, 8 matsakaita, 4 masu wuya. In duka masu wuya ne, ɗaki zai yi tsit, gwiwa ta yi sanyi. In duka masu sauƙi ne, haziƙai za su ƙosa. A fara da masu sauƙi domin kowa ya sami makin farko.

Sharaɗi na huɗu, a sa tambayoyin da ke bukatar tunani, ba hadda kaɗai ba. "Kawo ranakun mako" tambayar hadda ce. Amma idan aka ce, "Shekaranjiya Lahadi, wace rana ce gobe?" dole ɗalibi ya san ma'anar shekaranjiya, ya lissafa ya gane yau Talata, kafin ya ce Laraba. Ga wani misali: "Ladi ta sayi lemo 3, kowanne naira 50. Ta ba mai lemo naira 200. Nawa ne canjinta?" Ɗalibi zai yi lissafi, sa'an nan ya faɗi amsa da Hausa: naira hamsin. Ana ma iya ƙarawa da cewa, "Wace rana aka haifi Ladi?" domin Hausawa sukan kira yarinyar da aka haifa ranar Lahadi da wannan suna, kamar yadda ake kiran ta ranar Asabar Asabe, ta ranar Jumma'a kuma Jummai.

Sharaɗi na biyar, kada tambaya ta taɓa mutuncin addini ko ƙabilar kowa. Ajinmu ya tara mutane daga sassa dabam-dabam na ƙasa. Tambaya ɗaya ta raini tana iya rusa abin da aka yi zango guda ana ginawa.

Ire-iren zagaye

Gasar da ba ta sauya salo takan gunduri mutane. Ga wasu zagaye da ƙungiya za ta riƙa zaɓa daga ciki.

Zagayen ƙa'idojin rubutu. Mai tambaya zai faɗi jimla, ɗalibi ya rubuta a allo. An fi mai da hankali ga haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin ƙugiya tana sauya ma'ana. Kafa daban, ƙafa daban. Haka baki da baƙi, kasa da ƙasa, daka da ɗaka.

Zagayen sauraro. A Hausa akwai kalmomin da rubutunsu ɗaya ne amma furucinsu da ma'anarsu sun bambanta. Mai tambaya zai ce, "Mun shiga gari da yamma," sa'an nan ya ce, "An tuƙa tuwo da gari." Ɗalibi zai bayyana ma'anar gari a kowace jimla. Haka za a yi da kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala.

Zagayen jam'i da jinsi. A faɗi tilo, a nemi jam'i: gida, gidaje, littafi, littattafai, akuya, awaki, doki, dawaki. Ko a faɗi namiji, a nemi tamata: zakara, kaza; rago, tunkiya; sa, saniya; doki, goɗiya.

Zagayen karin magana. Mai tambaya zai faɗi rabi, ɗalibi ya ƙarasa. "Komai nisan jifa..." "Ƙasa zai faɗo." Wanda ya ƙara da bayanin inda ake amfani da karin maganar, a ba shi ƙarin maki.

Zagayen adabi da tarihi. Wa ya rubuta *Magana Jari Ce*? Abubakar Imam. Wa ya rubuta *Shaihu Umar*? Abubakar Tafawa Ɓalewa. A wace shekara aka fara buga jaridar *Gaskiya Ta Fi Kwabo*? A 1939. Kawo huɗu daga cikin Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram. A wane gari Kogin Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, ya haɗu da Binuwai? A Lakwaja.

Zagayen harsunan gida. Kowane rukuni zai kawo kacici-kacici ɗaya daga harshen wani ɗan rukunin, ko Yarbanci ne ko Ibo ko Efik ko Tibi, su juya shi zuwa Hausa, sauran su nemi amsa. A nan ɗalibin da Hausarsa ba ta yi ƙarfi ba shi ne malami, domin shi ya zo da abin daga gida.

Zagayen kowa da kowa. Ana karanta tambaya ɗaya ga dukan ɗaki. Kowane ɗalibi ya rubuta amsa a takarda, idan aka buga ƙararrawa kowa ya ɗaga tasa a lokaci ɗaya. Wannan zagaye ya fi kowanne muhimmanci, domin shi ne wanda babu mai iya zaman kallo a cikinsa. Kada a yi taro ba tare da shi ba.

Dokokin gasa

Babu abin da ke kashe ƙungiya da sauri kamar zargin son kai. Maganinsa shi ne a rubuta dokoki tun ranar farko, kowa ya amince da su, a manna su a bango. Ga misalin dokokin da ƙungiya za ta iya ɗauka:

1. An rubuta lambobin tambayoyi a allo. Ɗalibi ne zai zaɓi lamba, ba mai tambaya ba.
2. Za a karanta tambaya sau biyu. Lokacin amsa daƙiƙa 15 ne.
3. Amsa daidai tana da maki 2: maki 1 na gane amsa, maki 1 na faɗinta da Hausa mai kyau.
4. Idan rukuni ya kasa, tambaya ta koma ga abokan karawarsu a matsayin garaɓasa, maki 1.
5. Ba wanda zai amsa sau biyu sai kowane ɗan rukuninsa ya amsa sau ɗaya.
6. Ba wanda zai amsa tambayar da shi ya shirya ta.
7. Jagoran rukuni kaɗai ke gabatar da ƙorafi, kuma sai an gama zagaye.
8. Idan alƙalai suka ga laifin na tambaya ne, a soke ta, a kawo wata.
9. Ba a yi wa wanda ya faɗi dariya.

Doka ta 3 tana ba mai koyo ƙarfin gwiwa, domin ko Hausarsa ta karkace ba zai tashi a tutar babu ba. Doka ta 5 ita ce ke hana haziƙi ɗaya mamaye rukuni. Tana ma tilasta masa ya koya wa abokansa kafin ranar gasa, tun da ya san makin rukuninsa yana hannunsu. Doka ta 9 kuwa ita ce uwar sauran. Wanda aka yi wa dariya sau ɗaya saboda furucinsa, da wuya ya sake buɗe baki.

Idan tambaya ta gagari kowa, sai a bi al'adar Hausawa, a ba mai tambaya gari. Rukunin da ya kasa zai ambaci wani gari na Nijeriya tare da jiharsa, misali Funtuwa a Jihar Katsina ko Ogbomosho a Jihar Oyo. Daga nan mai tambaya zai faɗi amsa, malami ya ƙara gajeren bayani. Magatakarda zai rubuta tambayar a littafin ƙungiya, domin a sake kawo ta a mako mai zuwa, a kuma sake kawo ta bayan wata ɗaya. Wannan ita ce bitar da aka rarraba cikin kwanaki, wadda muka ambata a baya.

Tsarin taro da tsarin zango

Taron minti 60 ana iya raba shi haka: minti 5 na buɗewa da kiran suna, minti 10 na bitar tambayoyin da suka gagara a makon jiya, minti 30 na karawa uku, minti 10 na zagayen kowa da kowa, minti 5 na karɓar sababbin katuna da rufewa. A fara a kan lokaci, a tashi a kan lokaci.

Akwai hanyoyi biyu na tsara gasa. Ta farko ita ce sili ɗaya ƙwale, wato duk rukunin da aka kayar ya fita. Tana da armashi, amma tana da babban aibi. Idan rukuni 8 suka shiga, bayan zagayen farko 4 sun fita, wato rabin ƙungiya ya koma 'yan kallo. Hanya ta biyu ita ce kowane rukuni ya kara da kowane rukuni, a riƙa tara maki. Idan ɗalibai 24 ne, za a sami rukuni 6 na mutum huɗu-huɗu. Karawarsu gaba ɗaya 15 ce. In ana yin 3 a kowane taro, kowane rukuni zai kara sau ɗaya a mako, a gama cikin mako 5. Rukunin da ya faɗi yau yana da damar ramawa a mako mai zuwa. Wannan hanya ita ta fi dacewa da taron mako-mako. Sili ɗaya ƙwale kuwa a bar shi sai ranar bikin ƙarshen zango, inda rukunoni huɗu na sama za su kara a babban ɗakin taro gaban dukan makaranta. Idan jarrabawa ta ƙarato, sai a mayar da taron na bitar darussa.

Batun kyauta kuma, kada a tsawwala. Littafin rubutu ko biro ko ƙaramin ƙamus sun isa. Kada a ba zakara kaɗai. A ware kyauta ga wanda ya fi kowa samun ci gaba, da wanda ya kawo tambaya mafi kyau, da wanda bai taɓa fashin taro ba. Ta haka kowane ɗalibi zai ga akwai abin da zai iya ci.

Fita gasa a waje

Idan ƙungiya ta tsaya da ƙafafunta, za ta iya gayyatar makwabciyar makaranta a yi karawar sada zumunci. Akwai kuma manyan gasanni, kamar Cowbellpedia da ake nunawa a talabijin. A ƙasar Ghana, gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare, wadda aka fara a 1993, ta zama abin da jama'a ke jira kowace shekara. Idan za a zaɓi wakilai, a duba littafin magatakarda, a ɗauki waɗanda makinsu da halartarsu suka nuna cancanta. In sun dawo, ko sun ci ko sun faɗi, su kawo wa ƙungiya tambayoyin da aka yi musu domin kowa ya gwada.

Kammalawa

Yawan kofunan da ke ofishin shugaban makaranta ba zai nuna lafiyar ƙungiya ba, domin ɗalibai uku sun isa su ciwo kofi. Akwai ma'auni mafi sauƙi. A ƙarshen kowane taro, magatakarda ya ƙirga waɗanda suka halarta, ya kuma ƙirga waɗanda suka amsa tambaya ko suka karanta ta ko suka kawo kati. Idan adadin biyu ya zo ɗaya, ƙungiya tana kan hanya. Idan na biyu ya gaza na farko, shugabanni su zauna su duba sunayen waɗanda suka yi shiru, su tanadar musu aiki a taro mai zuwa.

Sababbin Kalmomi

maɗauri: abin da ake ɗaure wani abu da shi
maƙil: cika sosai har babu sauran wuri
zango: ɗaya daga cikin kashi uku na shekarar karatu
bita: sake duba abin da aka riga aka koya
jinka: rufin ciyawa na ɗaki
magatakarda: mai rubuta abin da aka yi a taro
karɓa-karɓa: yin aiki bi da bi
haziƙi: mai ƙwazo da saurin fahimta
harshen damo: magana mai ma'ana biyu
garaɓasa: ƙarin abin da aka samu a sauƙaƙe
ƙorafi: nuna rashin gamsuwa
tashi a tutar babu: rasa komai
sili ɗaya ƙwale: gasar da wanda ya faɗi sau ɗaya yake fita
armashi: daɗi da ban sha'awa

Tambayoyi

1. Me masu sauraro suke cewa idan kacici-kacici ya gagare su?
2. Waɗanne abubuwa biyu ne Hermann Ebbinghaus ya gano game da mantuwa da bita?
3. Me ya sa ɗan kallo ba ya ƙaruwa kamar mai amsawa?
4. Me ya sa bai kamata ɗalibai su zaɓi abokan rukuninsu da kansu ba?
5. Bayyana aibin wannan tambaya: "Wane ne shugaban Nijeriya na farko?"
6. Jihohi nawa ne a Nijeriya a 1976? Nawa ne a 1996?
7. Mene ne amfanin doka ta 5?
8. Idan rukuni 4 ne, kuma kowanne zai kara da kowanne, karawa nawa za a yi?

Aiki

1. Shirya katunan tambaya guda uku: mai sauƙi, matsakaiciya da mai wuya. Rubuta amsa da inda ka samo ta a bayan kowane kati.
2. Tambayi wani babba a gidanku kacici-kacici ɗaya na harshenku. Juya shi zuwa Hausa, ka kawo aji.
3. Yi amfani da waɗannan kalmomi a cikin jimloli domin nuna bambancinsu: kafa da ƙafa, baki da baƙi, kasa da ƙasa.